Motar da ba ta tsayawa gaisuwa

Shekarun baya can, tun Turawa ba su tafi ba, ina harkar sayen gyaɗa, Allah Ya ɗan buɗa mini. Maimakon in gyara soron gidanmu da ke yoyo, sai na sayi mota a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Baƙa ce doguwa, kujerunta na fata, gabanta an yi mata ado da katako mai sheƙi. Ranar da zai miƙa mini makulli har da shafa ta kamar mai rabuwa da 'yarsa. Daga baya na gane murna yake yi.

Matsala ta farko, lungunmu na Mandawari jaki mai kaya ma da dabara yake wucewa. Dole na riƙa ajiye ta a bakin titi, in ƙarasa gida da ƙafa. Ta biyu, shan fetur kamar ana zuba wa rairayi ruwa. Babbar kuwa ita ce, in ta mutu ba ta tashi sai da turi, kuma da na ɗaga ƙafa daga totur take mutuwa. Bakanike a Fagge ya leƙa cikinta ya ce, "Malam, abin da ya lalace babu shi a Kano. Sai an aiko da shi ta jirgin ruwa zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa ya kawo. Kafin nan, in ta tashi kada ka tsaya."

To, a unguwarmu ko a keke kake, in ka zo majalisar manya sai ka sauka ka cire takalmi ka gaishe su. Ni kuwa sai dai in ɗaga hannu in wuce. Wata rana mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Ana ta cewa ka daina gaida mutane." Ina zan iya cewa motar da duk gari ya zo kallo ba ta da lafiya?

Ina da aboki maɗinkin riguna, tun muna yara akushi ɗaya muke ci. Kullum bayan magariba kowa zai fito da tuwon gidansu a haɗa a kan dakali. Da na yi mota, sai aka fara shimfiɗa mini buzu a gefe, a ware mini kwano ni kaɗai, wai girmamawa. In na iso hira ta yanke, a koma "sannu da zuwa, mai mota." Ina jin dariyarsu tana dawowa bayan na ba da baya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, alhali a tsakiyar mutanena nake. Abokina ne kaɗai yake jawo kwanona ya sa hannu, yana cewa, "Naka ya fi nama, kawo nan."

Da ya yi niyyar tafiya Makka ta ƙasa, ya ce mini, "Ban taɓa roƙonka komai ba. Ranar tafiya kai za ka kai ni tasha. In shiga motar nan taka sau ɗaya, in sami labarin da zan ba mutanen hanya." Na ce an gama.

Ranar na yi sammako na wanke ta tas. Na murɗa makulli, shiru. Na nemo 'yan dako, suka tura ni tun daga bakin titinmu har kusa da Ƙofar Wambai. Ta yi tari ta mutu, ta sake tari ta mutu. A lokacin nan 'yan unguwa sun taru a ƙofar gidan su abokina, sun jira ni har suka gaji, suka yi masa rakiya da ƙafa kamar yadda aka saba. Ni ina can ina cewa a ƙara turawa, yanzu za ta tashi. Da na haƙura na bar ta na ruga tasha, babbar motarsu ta riga ta tafi. Wani dattijo ya ce mini, "Abokinka ya hana a ɗora kayansa sai a ƙarshe. Duk motar da ya ji ƙararta sai ya miƙe."

Bai dawo ba. Ya zauna a Sudan yana ɗinki don ya ƙara guzuri, can ajali ya same shi.

Kayan gyaran sun iso bayan damina. Bakanike ya ɗaura, ta tashi da murɗa ɗaya, tana tsayawa duk inda na so. Na fita da ita ta Ƙofar Dawanau, na tsaya a gefen hanya, injin yana ta aiki lafiya lau. Na dubi kujerar da ke gefena, na rasa inda zan je.

Na sayar da ita a shekarar, da asara, ban kuma yi ciniki ba. In ana hirar tsadar riƙe tsohuwar mota, ana lissafin fetur da taya, ni ba na sa baki, don nawa lissafin ba na kuɗi ba ne. Yanzu jikoki ke tuƙa ni, suna ƙorafin ba ma isa ko'ina da wuri, saboda duk inda na hango wanda na sani sai na ce a tsaya. Su ce, "Baba, ɗaga masa hannu mana." Ni kuwa sai na sauka.