Tsuntsayen Katakon Baba

A gidanmu na Dawaki, da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun Dada, mahaifiyar babanmu. Ba ta rasa abin hura wuta, don guntayen katakon Baba kullum tuli suke.

Tun da Baba ya dawo daga yaƙin basasa ya daina magana. Ko gaisuwa da ka yake amsawa. In ya taso daga aiki a kamfanin auduga, sai ya zauna a zaure da wani ɗan zarto mai baki siriri kamar zaren ɗinki. Ya zana tsuntsu da fensir a katakon akwatin shayi, ya bi zanen yana yankewa a hankali, har gashin fiffike. A makaranta ana ce mini 'yar mahaukaci. Ina shekara tara, ran da abin ya ishe ni, na ɗauko tsuntsu guda da ya gama na cusa a murhu.

Dada ta gani, ba ta tsawata mini ba. Ta gyara zama ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe, ku ba ta wuri."

Wai wani maharbi ne ya shiga daji ya ga abin da ba ya faɗuwa, muryarsa ta tsorata ta maƙale a cikin itatuwa. Ya dawo gida bebe. Kullum sai ya saro ice ya sassaƙa tsuntsu, ko zai dace da icen da muryar ta ɓuya. Mutanen gari suna wucewa suna dariya.

"Ba wanda ya taɓa tambayarsa komai?" in ji ƙanwata Asabe.

"Yawwa, uwata. Sai 'yarsa. Ta tsuguna ta ce, 'Baba, wannan wane tsuntsu ne?' Ashe muryar ta daɗe da biyo shi gida, mai kiranta take jira."

Dada ba ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Washegari da la'asar na tsaya a ƙofar zaure. Na nuna tsuntsun da ke hannun Baba na yi tambayar. Zarton ya tsaya. Ya daɗe yana kallona, har na yi nufin gudu.

"Hasbiya ce, Ladi," ya ce, muryar a dishe. Ya hure garin katakon ya miƙo mini.

Ba zan ce ya warke a ranar ba. Ya ɗauki shekaru, kuma har ya rasu bai ba mu labarin yaƙi ba. Sai da na girma na bincika wajen tsofaffi, ban sami wanda ya san tatsuniyar nan ba. A take Dada ta ƙirƙire ta domina.

Na yi aikin jinya har na yi ritaya. Duk majinyacin da ya juya wa kowa baya, ba na tambayarsa me ke damunsa. Kujera nake jawowa, in tambaye shi me hannunsa ya iya.