Tulun Irin Dawar Mahaifiyata

Wasu shekaru da suka wuce, na ɗora abu uku kan sikeli a rana guda: cinikin ranar kasuwa, da wuyana, da ran mahaifiyata. Abin da ke ɗaya gefen kuwa bai cika kwanon dawa biyu ba. Ni da nake sayar da hatsi buhu-buhu a Zuru, ko a mafarki ba zan yarda da irin wannan ciniki ba. Amma na yi shi, kuma wani fim ne ya jawo.

A lokacin ba a daɗe da tashin ƙauyenmu ba, can bayan Bena. 'Yan bindiga sun shigo bayan girbi, mutane suka watse da abin da ke jikinsu. Na ɗauko mahaifiyata na kawo ta gidana, na ba ta ɗaki, na saya mata katifa da fanka, a ganina na gama. Ita kuwa sai ta zauna kan tabarma ta daina magana. Matar da a ƙauye ake jin muryarta tun daga rafi, ta koma "to" da "a'a". Hausarta dama ba ta da ƙarfi, da Dakarci ta tashi, maƙwabtanmu kuma Hausawa ne, ba sa jin sa.

Ni a wurina duk matsala akwai abin da za a saya a gyara ta. Na je shagon wani abokina mai cajin waya, na ce ya cika mini mimori da fina-finai na tsofaffi.

Ya ce, "Wanne ne kuma na tsofaffi?"

Na ce, "Wanda babu rawa da yawa."

Ya tura abin da ya tura, matata ta riƙa kunna mata a talabijin. Ba ta ko ɗaga kai. Sai wata rana da azahar na dawo cin abinci, na tarar ta jawo tabarmarta har gaban talabijin. Wasu mata ne gajeru a ciki, da riguna saƙaƙƙu masu launi, suna niƙa masara a kan dutse, suna ɗaukar itace da igiya rataye a goshi, ga goyo a baya. Babu fassarar Hausa, sai rubutun Turanci a ƙasa. Daga baya abokina ya gaya mini Maya ake ce musu, su ne mutanen asali a wata ƙasa mai suna Guwatamala. Shi kansa bai san yadda fim ɗin ya shiga kwamfutarsa ba.

Mahaifiyata ta ce, "Zauna nan. Me suke cewa?"

Rabon da ta yi mini doguwar magana haka na manta. Na zauna da ɗan Turancina na rasit, kafin in haɗa layi ɗaya an wuce uku. Ashe ba ta ma bukatata. Da aka nuna wata tsohuwa a ofishin birni tana bayani da yarenta, ma'aikaci yana duba agogo, sai ta ce, "Haka suka yi mini a asibiti." Da sojoji suka ƙone ƙauyen matan, suka gudu kan duwatsu da yara, sai ta kama gefen zanenta. Can aka nuna tsohuwar nan ta sato hanya ta koma kangon gidanta, ta tona toka ta zaro wasu 'yan masara, ja da baƙa da fara, ta ƙulle a tsumma ta cusa cikin rigarta.

"Abinci ta koma nema," in ji ni.

Mahaifiyata ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba. "Iri ne."

Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Kafin a tashe su, ta zaɓi zangarniyun jar dawarta, wadda ta gada wurin mahaifiyarta, ta sussuka, ta haɗa da toka ta zuba a tuluna biyu, ta liƙe bakinsu da laka ta binne a gindin rumbu. Ga damina ta kusa. In ba a shuka ta bana ba, wataƙila ta tafi ke nan.

Na yi dariya, kuma wannan dariyar ce kuskurena. Na ce, "Haba Inna, dawa fa! Ga ta nan jibge a shago har rufi. Gobe in sa a kawo miki buhu."

Ta ce, "Alhajin buhu. Taka ta ci ce." Ta juya ta ci gaba da kallo.

Ranar kasuwa da safe, ina tsakiyar ciniki da wasu masu mota da suka zo ɗaukar kaya, matata ta kira ni. "Maigida, Inna ba ta ɗaki. Babu zanenta, babu 'yar fartanyar da muke gyaran tsakar gida da ita." Ban tambaye ta ko ta duba maƙwabta ba. Na riga na san inda ta nufa. Na bar masu mota tsaye da bakin buhu a buɗe. A tasha aka ce lallai wata tsohuwa ta shiga motar Bena tun da farar safiya.

Na hau babur. Duk hanya lissafi nake yi, ba ya fita. A Bena wata mai ƙosai ta ce ta gan ta, har ta ce mata, "Iya, hanyar nan ba a bin ta yanzu," tsohuwa ta gaishe ta ta wuce a ƙasa. Na nemi 'yan acaba su raka ni, kowa ya kau da kai. Ɗaya ya ce, "Alhaji, ko babur ɗin za ka ba ni kyauta, ba na zuwa."

Nan na tsaya na dubi kaina. Shadda, agogo, waya, ga tumbi. Duk wanda ya gan ni a dajin nan ya ga kuɗin fansa yana tafiya. Na tuɓe na bar komai wurin wani abokin cinikina, na ari tsohuwar rigar leburansa. Babur ma na bar shi, don ƙararsa kira ce. Na ari keke. Rabona da keke tun ina saurayi, gwiwoyina suka shiga ƙara, amma ban tsaya ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shirun ne. Babu zakara, babu turmi, babu kare. Gonaki ba wanda ya yi sharar su. A kan yashin rafi na ga sawun tayoyin babura da yawa, sabo, ko iska ba ta taɓa shi ba, ga sawun silifas ɗinta ƙanana a gefe. Na tura keken cikin ciyawa na ƙarasa a ƙasa.

Na same ta durƙushe a gindin rumbunmu da ya rushe, tana tono. Ba ta yi mamaki ba. Ta dubi rigar jikina ta ce, "Talauci ya kama ka ne?"

"Inna, don Allah tashi mu tafi."

"Kama nan, ja."

Tulun farko ya tsage, gara da ƙwari sun gama da shi, sai gari. Ta sa hannu ta juya garin. Muna cikin tonon na biyu muka ji su. Babura ne, daga nesa, ƙarar tana ƙaruwa. Na ja ta muka kwanta bayan fasasshen bangon rumbu. Na rufe bakina da hannu don numfashina ya yi yawa. Ita ta kwanta a kan ramin, ta rufe shi da ƙirjinta. Na ji jikinta yana rawa, nan na gane ba wai ba ta jin tsoro ba ne, da tsoronta ta zo. Suka bi ta hanyar rafi, har muryoyinsu muna ji. Na tuna keken da na bari cikin ciyawa, na riƙa roƙon Allah kada ƙarfensa ya ƙyalla. Ƙarar ta yi nisa, ta ɓace.

Tulu na biyu lafiya lau. Ta fasa lakar, ta juye a zanenta, ta ƙulle ta ɗaura a ciki. Na goyo ta a bayan keke, tana mita wai ban iya tuƙi ba. Sai da muka hango rufin kwanon Bena na sauka na zauna a ƙasa.

Na karɓi aron wata 'yar gona a ƙauyen Manga, kusa da Zuru, ta shuka. Ba duka ta tsiro ba, kusan rabi ya mutu a ƙasa. Abin da ya fito kuwa ya yi. Da kaka matan ƙauyenmu da ke warwatse a Zuru suka riƙa zuwa gidana, tana ba kowace tafin hannu, suna ta Dakarci a tsakar gida har ba a jin kiran waya.

Mutane kan tambaye ni ko na gode wa fim ɗin. Gaskiya in faɗa, da zan koma ranar, da na goge shi kafin ta gani. Ban san ko tsohuwar cikinsa 'yar wasa ce ko abin da ya same ta ne take maimaitawa ba. Na dai san mata biyu da ba su taɓa jin yaren juna ba sun fahimci juna a kan abin da ni, mai sana'ar hatsi, ina zaune a tsakaninsu ban gane ba.

Ga yadda lissafin ya tsaya. Masu motar nan sun koma wurin wani, har yau ba su dawo ba. Gwiwata ta hagu ba ta sake zama daidai ba. In na ji babura da yawa sun taho tare, ko a tsakiyar kasuwa ne, sai hannuna ya saki mudu. Wannan hasara ce, ban ɓoye ba. Riba kuwa, muryar mahaifiyata ta dawo, har maƙwabta sun fara ƙorafi. Sai kuma tulu ɗaya liƙe da laka a kusurwar shagona, wanda ta ba ni ajiya. Duk mai saye da ya nuna shi ya tambayi nawa, amsata ɗaya ce: wannan ba na ci ba ne.