Lamba a Damtsen Inna

Ina shekarata ta biyu da fara koyarwa a firamare saƙo ya iso gidanmu a unguwar Kumbiya-Kumbiya a Gombe cewa Yafendo, ƙanwar mahaifiyata, tana kwance a Garwa, jiki ya yi tsanani. Wani mai fataucin goro ne ya kawo saƙon da baki, ya faɗe shi a tsaye cikin zaure, ko ruwa bai sha ba. Inna, mahaifiyar tawa, ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya.

A can Kamaru aka haifi Inna. Aure ne ya kawo ta Gombe tun kafin jirgin ƙasa ya iso garin, kuma da ƙafa ta zo, ba wanda ya tambaye ta takarda. Ta fi shekara ashirin ba ta koma ba. Baba ya rasu, ni ne babba, don haka rakiya ta faɗo kaina. Ni kuwa a lokacin ji nake ba kamata. Shekarun nan ne da kuɗin fetur ya fara yawo, aka bar fam da sule aka koma naira, aka ƙara mana albashi, na sayi agogo da takalmi sau-ciki. Kwana shida na yi ina hawa da sauka a ofisoshi har na haɗa mana takardun tafiya da katin rigakafi, nawa da nata, kowanne da hatiminsa.

Akwai wani bas da 'yan kasuwa ke bi, yana tashi daga tasha sau ɗaya a mako, ya bi ta Kaltungo da Numan, a kwana a Jimeta, da safe a tsallaka iyaka. A Kaltungo wata mata ta shigo ta zauna kusa da Inna. 'Yar Tangale ce, Kirista, unguwarzoma a asibitin mishan, za ta je wurin 'yarta da ke aure a tsallake. Kafin mu kai Numan sun saba. Hausar Inna da Fulatanci a cikinta, ta matar da Tangalanci, kowacce tana yi wa 'yar'uwarta dariya, suna ɓarar gyaɗa a zani ɗaya.

Da hantsi muka isa iyaka. Na zaci zan ga wani babban gini. Ba komai a wurin sai sandar ƙarfe a gicciye kan ganguna biyu, da rumfar kwano, da tuta. Gaba kaɗan wani rafi ne da ya ƙafe, yashi fari fat. Can ƙasa da hanyar mota kuma akwai 'yar turba, mata masu tallan nono suna bi da ƙorai a ka, wasu na zuwa wasu na komowa.

Aka ce kowa ya sauko. Muka yi layi cikin rana. Ma'aikacin da ke duba takardu saurayi ne, bai girme ni ba, ya sha kaki mai guga, da 'yar sanda a hammata. Wannan ne abin da har yau ya kasa wuce mini: ba baƙo ba ne. Namu ne. Hausarsa ta fi tawa tsabta, kuma na tabbata shi ma yana da uwa a gida mai irin mayafin Inna.

Ya karɓi takardunta, ya juya su gaba da baya.

"Ke tsohuwa, a ina aka haife ki?"

Inna ta faɗa masa, idonta a ƙasa.

"To ai ke ba 'yar nan ba ce. Wa ya ba ki wannan?"

Nan na matso. Da na yi masa magana da Hausa, na ce ranka ya daɗe, mahaifiyata ce, wataƙila da an wuce wurin. Sai na buɗe baki da Turanci, irin wanda nake yi wa ɗalibai idan ina so su san malami ya shigo. Na ce masa matar ɗan ƙasa ce, uwar 'yan ƙasa, takardunta cikakku ne, kuma ba shi da hurumin yi mata irin wannan tambaya.

Ya dube ni daga agogo har takalmi. Ya yi murmushi.

"A'a, ashe da Bature muke tafe," in ji shi, da Hausa, yadda kowa zai ji. Sai ya ɗaga katin rigakafin Inna sama. "Wannan ko a kasuwa ana samunsa. Ni lamba nake so in gani. Ta buɗe damtse."

Lambar da yake nufi tabon allurar agana ne, wanda ake yi wa mutum can saman damtse. Rigar Inna mai matsattsen hannu ce. Ba yadda za a ga wurin sai ta sauke mayafi ta zare hannun rigar gaba ɗaya, a gaban maza sun kusa talatin. Matar da tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta ci abinci a gabana ba. Matar da ko sunana ba ta faɗa, saboda ni ne ɗan fari.

Na ce ba za a yi haka ba. Unguwarzomar nan ta fito daga layi.

"Ɗana, ni aikina ke nan a asibiti. Bari in ja ta gefe in duba, in faɗa maka."

"Ke koma layinki, Mama. Ke ma zan zo kanki."

Na waiwaya ina neman wanda zai sa baki. Akwai alhazai a layin nan, akwai masu furfura, akwai wanda ya ja mu sallar asuba a Jimeta. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Direba ne kaɗai ya yi magana, shi ma ga abin da ya ce: "Malam, don Allah ka bari a yi a wuce. Rana tana yi."

Inna ta ajiye ƙullin hannunta. Ta fara sauke mayafi. Unguwarzomar ta yi wuf ta kwance zanin da ta yafa a kafaɗa, ta ware shi da hannu biyu ta kare ta. Ma'aikacin ya sa bakin sandarsa ya ture zanin gefe. Inna ta zare hannun rigar. Ga lamba nan, kowa ya gani, kamar sule a kan fata.

Shi kuwa bai ko duba ba. Wallahi bai duba ba. Ni yake kallo tun daga farko har ta mayar da rigarta.

Na so in shaƙe shi. Na ji hannuwana sun dunƙule da kansu, na kuma ga wani ma'aikaci da ke rumfa ya gyara riƙon bindiga. Ban yi komai ba. Na tsaya da agogona da takalmina ina haki kamar rago a mayanka.

Bai ƙyale ni ba duk da haka. Ya ce hoton da ke takardata bai yi kama da ni ba, in zauna a rumfa. Ya kuma ce a sauke kayan da ke saman bas kaf, a kwance kowane ƙunshi. Tun hantsi ake abu ɗaya har azahar ta gota.

Daga inda nake zaune na hango Inna. Ta ɗauki ƙullinta ta gangara wajen masu nono. Ta tsaya da wata dattijuwa a cikinsu suka gaisa da Fulatanci, gaisuwa mai tsawo. Sai kawai ta bi bayansu. Ta shiga yashin nan, ta haye gaɓar tsallake, ta zauna ƙarƙashin wata tsamiya. Ba hatimi, ba tambaya, ba wanda ya ko ɗaga kai. Takardunta suna nan kan tebur a gabana, an danne su da dutse. Nan ne takaici ya gama cika ni. Ashe duk abin da aka yi mata ba don tsaron wata ƙasa aka yi ba, tunda ga ƙasar nan a buɗe, jakuna ma suna wucewa.

Da ya gaji don kansa, ya buga hatimi ya tura mini takardun da bayan hannu. A ɓangaren Kamaru jandarma ya buga nasa ko fuskokinmu bai kalla ba. Muka ɗauki Inna a gindin tsamiya.

Mota na tashi wani ɗan kasuwa Bakano da ke bayana ya ce, "Malam, Turancinka ya cinye mana wuni." Wasu suka yi dariya. Na juya zan zazzage masa abin da ke cikina, unguwarzomar ta riga ni.

"Alhaji, ɗazu da ake tuɓe uwar wani a gabanka ina bakin nan yake? Yanzu ne ya buɗe?"

Mun yi tafiya mai nisa kafin Inna ta yi magana, da Fulatanci, tana kallon taga.

"Ba da ni yake ba. Da kai yake. Da ka yi shiru."

Na ji haushinta ita ma, Allah ya yafe mini. Na ji haushin cewa gaskiya ta faɗa, na kuma ji haushin cewa a wurinta maganin abin shi ne shiru. A haka muka shiga Garwa.

Mun tarar da Yafendo da sauƙi, har tana iya zama. Kwana tara muka yi. A dawowa Inna ta sa direba ya sauke ta tun kafin a hango sandar, ta bi turbar masu nono, muka same ta a gaba. Da na koma Gombe na zauna na rubuta takardar koke shafi uku, na sa a gidan waya. Ba a taɓa ba ni amsa ba.

Bayan shekara biyu Yafendo ta rasu. Na ce wa Inna ta shirya in kai ta. Ta ce a'a, addu'a tana isa daga ko'ina. A tsakar gidanmu ta karɓi gaisuwa kwana uku, unguwarzomar nan ma ta zo daga Kaltungo ta wuni tare da ita. Ni ina zaure da maza, duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ai Garwa ba nisa yanzu, ga motoci, me ya hana ku zuwa?" Ni kuma in ce hanya ce ba kyau.