Buhu Ashirin a Bakin Gangara

Miflih ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa manyan motocin soja, ya kuma yi goma sha huɗu yana kai tumatir da kokwamba kasuwar Irbid a cikin farar a-kori-kurarsa mai shan gas. A ƙauyensu da ke kan dutse a ƙasar Ajlun ba mai kiransa da sunan yanka. Abu Rakan, wato baban Rakan, ake ce masa har gobe, ko da yake Rakan ɗin ya rasu shekara uku da suka wuce, bayan jinyar wata biyar. Shi ne ya karɓi tuƙin motar sa'ad da idon mahaifinsa ya fara gajiya. Da aka share makoki, Miflih ya shigar da ita rumfar da ke bayan gidansa, ya ɗora ta kan duwatsu huɗu don kada tayoyin su lalace, ya cire batir ya kyautar, ya ja ƙofar langa-langa. Tun daga ranar, in zai je gona sai ya zagaya ta gaban masallaci don kada ya bi ta rumfar.

Abin da ya rage masa na sana'a shi ne itatuwan zaitun sittin da uku da ya gada. A shekarar da nake ba da labari sun yi 'ya'yan da rabonsu da irinsu an daɗe. Kwana biyu shi da matarsa Sabha da matan maƙwabta suna tsinka, har suka cika buhu ashirin. Zaitun kuwa ba ya son zaman buhu. In ya wuce kwana biyu sai ya ɗau zafi daga tsakiya, man ya fito da tsami, wahalar shekara ta koma abin yin sabulu. Gidan matsar mai yana ƙetaren kwari, kuma an ba Miflih layi ranar Talata bayan la'asar. Wanda ya rasa layinsa sai ya jira kwana shida.

Ranar Talatar da hantsi, direban da suka yi alkawari da shi ya bugo waya ya ce motarsa ta karye a hanya. Miflih ya kira mutum biyar, kowa yana kan nasa kayan. Ya fita tsakar gida ya cusa hannu cikin buhun ƙasa har gwiwar hannu. Da ɗumi, kaɗan.

"Akwai mota a gidan nan," in ji Sabha, ba ta ɗago daga kwanon da take wankewa ba.

 Miflih ya ɗauko akwatin sifanunsa daga ƙarƙashin gado, ya leƙa ta katanga ya ƙwala wa Awwad kira.

Awwad ɗan goggonsa ne, sa'ansa, kuma tun suna yara ba su taɓa yarda da juna kan komai ba. Ya iso yana nishi, rungume da batirin injin ban ruwansa.

"Shekara uku tana barci, yau za ka tashe ta kafin la'asar? Ɗan kawu, ko matar gida ba a yi mata haka."

"Ajiye batirin ka rufe baki. Ƙaramin nan ne kawai gare ka?"

"In bai yi maka ba, na mayar."

Da suka ja ƙofar rumfar, Miflih ya zaci zai ga ƙura da kashin kaji. Motar na tsaye fes, gilashinta har ɗaukar ido yake. Ya dubi gilashin, ya dubi cikin gida inda Sabha take. Ya naɗe hannun riga.

Daga nan jikinsa ya tuna abin da ya sani. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya murza tsakanin yatsu biyu, ya ga ba ruwa a ciki. Ya duba ruwan lagireto, ya duba man birki. Awwad ya hau famfon ƙafa yana ba tayoyi iska yana ƙirga wa kansa zunubansa, suka sauke motar daga kan duwatsu. Miflih ya buɗe murfin tanki ya shinshina.

"Gas ɗin ya mutu. Warin fenti yake yi."

Ya kwanta ƙarƙashin motar ya kwance ƙusar tanki, tsohon gas ya zubo cikin daro, ja kamar shayin da ya kwana, da baƙin dauɗa a ƙarshe. Gidan mai yana da nisan tafiyar sa'a guda a ƙafa, don haka suka nufi durom ɗin gas ɗin da ake ajiyewa don murhun ɗumama ɗaki. Awwad ya kai hannu zai buɗe famfon ƙasa, Miflih ya buge hannun.

"Ruwa a ƙasa yake kwanciya, malamin rijiya. Ta sama za mu zuƙo."

Ya zura tiyo, ya zuƙa, ya tofar, jarka biyu suka cika. Ya kwance matatar mai ya wanke ta da sabon gas, ya mayar. Sannan ya sassauta ƙaramar ƙusar da ke kanta ya shiga danna famfon hannu. Kumfa ta yi ta fitowa, tana fitowa, can sai ga gas zalla. Ya sassauta bututun nozul huɗu masu kai gas cikin injin, ya ce Awwad ya murɗa makulli.

Injin ya juya.

Shekara uku bai ji wannan ƙarar ba. Ya ji bakinsa yana dariya ba da izininsa ba.

"Tana juyawa! Ka ji ta? Wallahi tana juyawa!"

"Na ji, ni ke murɗawa ai."

Gas ya tsarto ta bakin bututun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure su. Ya ture Awwad ya zauna mazaunin direba. Ya kunna hitar ɗumama injin, ya ƙirga goma sha biyar a ransa, ya murɗa. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya ƙara. Ya fito ya taɓa wayar hita, akwai wuta. Ya sake fitar da iska daga matata, ko da yake ya san babu. Ya murɗa na uku, na huɗu, na biyar. Aka kira azahar, suka yi salla a gindin rumfar inabi da baƙin mai a goshi, suka dawo. A na bakwai juyin ya fara nauyi.

"Akwai mai, akwai zafi, injin yana juyawa," Miflih yana ƙirgawa da yatsu. "Me take so kuma?"

"Wataƙila fushi take yi da kai."

Awwad ya zagaya baya don ya zauna a inuwa, ya dafa ƙarfen baya, ya sunkuya. Sai ya ce, "Abu Rakan, murɗa kaɗan." Ya kara tafin hannu a bakin salansa. "Motarka ba ta numfashi."

Ya sa sukudireba ya tono. Busasshen yumɓu ya faɗo, bayansa dunƙulen gashin tumaki kamar kan jariri. Su biyun sun san wannan aikin. Haka matan ƙauyen ke toshe ramin ɓera a ɗakin alkama: gashin tumaki a ciki, yumɓu a baki, a shafe da tafin hannu.

"Ummu Rakan!" Miflih ya ƙwala wa matarsa kira.

Sabha ta fito tana goge hannu a gefen riga. Ta ga abin da ke hannun Awwad, ta gyara tsayuwa.

"Ɓeraye ne. Damunar farko na ga kashinsu a kan kujera. In bar su su cinye wa Rakan mota?"

"Kina shigowa nan?" in ji Miflih.

"Ran Alhamis." Ta faɗa kamar mai faɗin ranar wanki. "In goge ta, in ɗan zauna, in fita."

Miflih ya sunkuyar da kai yana duban sifanar hannunsa. Awwad ne ya ceci kowa.

"Matar yaya, don girman Allah, rami nawa kika toshe?"

"Duk wanda na gani."

"Nawa ne duk wanda kika gani?"

"Bakwai. Ko takwas."

"La ilaha illallahu! Tun hantsi ina kashe batirina a kan rumbun alkama!"

"Da kun tambaye ni ai. Kun shigo kuna ta hura hanci kamar likitoci."

Ta wuce gabansu ta ɗaga bonet da kanta, yadda ɗanta ya koya mata don ƙara ruwa, ta shiga nunawa da yatsa. Nan, da nan, da can ƙarƙashi. Mafi girmansu yana bayan fitilar dama, a bakin bututun da injin ke shaƙar iska, an cusa shi har tsawon kamu guda an shafe da kyau. Miflih ya ciro shi a hankali da ƙugiyar waya don kada ɓarɓashin yumɓu ya faɗa ciki, ya buɗe tukunyar iska ya share. Awwad ya bi wayoyin injin da hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Ko ɗaya ba a ci ba," ya ce. "Ni kowace shekara sai na sake na injina. Matar yaya, gobe ki biyo ta rijiyata."

Miflih ya zauna, ya kunna hita, ya murɗa. Ƙas. Ya ƙara. Ƙas. Batirin ya gama nasa.

Saura sa'a ɗaya da 'yan mintoci la'asar. Ba wani batiri a kusa, duk motocin ƙauyen suna ƙetare a bakin gidan matsa. Amma hanyar da ta bi ta ƙofar gidan Miflih gangara ce, miƙaƙƙiya, wajen taku ɗari huɗu har gada, daga nan sai hawa. Duk mai tsohuwar mota a ƙauyen da ita yake tayarwa.

"Mu tura ta haka nan, in ta tashi ka dawo mu yi lodi," in ji Awwad.

"Ba za ta tashi ba. Injin gas ne, yana da tauri. In bayanta ba nauyi, ina sakin kuloci tayoyin za su ja ƙasa kawai. Sai da kaya."

"In ta ƙi fa? Ka tashi da buhu ashirin a gindin kwari, ba gaba ba baya."

"Na sani."

"Kuma birkinta ba ya kamawa sosai in injin bai tashi ba."

"Awwad, ni na koya maka wannan."

Sabha ta riga ta fita kiran mata. Cikin rabin sa'a an loda buhunan, an ɗaure da igiya, bayan motar ya zauna. Mata shida da tsofaffi biyu suka sa kafaɗa suka fitar da ita bakin hanya, suka juya hancinta ƙasa, aka sa dutse a gaban taya. Miflih ya shiga. Kafin ya rufe ƙofa sai ya ji ɗaya ƙofar ta buɗe, Sabha ta zauna ta tattara rigarta.

"Sauka, Hajiya. In abin ya ƙi..."

"Zaitun ɗina ne ni ma. Ja mu je."

Ya murɗa makulli rabi. 'Yar jar fitila ta kawo, dishi-dishi, amma ta kawo, kuma iyakar abin da yake buƙata ke nan don mai ya wuce. Ya taka kuloci, ya sa giya ta uku, ya yi bisimilla. Awwad ya shure dutsen.

Da farko kamar ba ta so. Sai tsakuwa ta fara ƙara ƙarƙashin taya, katangar maƙwabci ta wuce, itacen ɓaure ya wuce. Sitiyarin ya yi nauyi a hannunsa. A baya ana ta ihu, muryar Awwad ta fi ta kowa: "Saki! Saki mana!" Bai saki ba. Ya san gangarar nan tun yana tura keken katako a kanta. Ya bari sai da suka wuce tankin ruwa, iska ta fara kaɗa mayafin Sabha, sannan ya ɗage ƙafa.

Motar ta yi wata irin girgiza, buhuna suka turo gaba, tayoyin suka riƙe ƙasa. Injin ya shiga juyawa da ƙarfi, gudu ya ragu. Farin hayaƙi ya fara fita. Bai kama ba. Gada tana matsowa. Injin ya yi tari ɗaya, ya yi shiru, ya yi biyu.

"Yi haƙuri, 'yar albarka," in ji Sabha, tana dafe da gaban motar. "Yi haƙuri ki tashi."

Saura kamar taku hamsin gada injin ya kama. Ya kama da silinda biyu, motar na rawa kamar za ta watse, sannan uku, sannan duka huɗu, da wata ƙara da ta cika kwarin. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe hanya. Miflih ya taka kuloci ya ba ta wuta, ya ba ta wuta, yana dukan sitiyari da tafin hannu yana kabbara. Sabha ta fitar da kai ta taga ta rangaɗa guɗa, daga kan dutse mata shida suka amsa mata. Ya sa giya ta biyu suka haye gada suka kama hawa.

Ana sallame la'asar suka shiga harabar gidan matsa. Mai kiran layi yana tsaye da takarda a hannu, ya dubi motar, ya dubi direban, ya daɗe yana duba.

"Abu Rakan. Marhaba. Kai ne na gaba. Kashe ta mana, hayaƙi zai kashe mu."

"In na kashe ta, kai za ka tura ta gida?"

Haka aka bar ta tana ruri a gefe, an sa mata dutse, Sabha na zaune a ciki tana gadinta. Aka juye buhunan, aka wanke, dutsen niƙa ya ɗauka. Miflih ya tsaya a bakin bututun da man ke fitowa, hannayensa a baya don har yanzu baƙi ƙirin suke. Da man ya fara zuba, kore shar, mai kauri, wani ya miƙo masa gutsuren burodi mai zafi. Ya ce a dangwala a sa masa a baki. Ya tauna a hankali, ya jira. Ɗacin ya zo, yajin ya kama maƙogwaro har ya yi tari. Ba tsami ko kaɗan.

Ya ce a dangwala masa wani a ɗora kan takarda, ya ɗauka da hannu biyu ya nufi mota.