Eufemia da Kifin da Ke Noma Cikin Murjani

Nicanor ya riga ya ɗaga adda zai sare igiyar farko lokacin da yayarsa, Eufemia Berrío, ta riƙe masa hannu. Rassan murjanin da masuntan tsibirin Barú ke reno a jikin igiyoyi ƙarƙashin ruwa sun fara yin fari. Kowa ya ce cuta ce, a sare a zubar kafin ta yaɗu. Wahalar shekaru ke nan za ta bi ruwa.

"Yaya, sake ni. Yaushe kika zama likita?"

"Kai da ko leƙawa ba ka yi ba? Jira ni."

Kullum da safe aikinta ke nan: ta sha baƙin kofi, ta tuƙa kwale-kwale, ta nutse tana goge rassan da buroshi. Ran nan tana isa, wani ɗan kifi da bai kai tafin hannu ba ya taso ya cije ta a yatsa. Ta ƙare masa kallo. Jiki ƙasa-ƙasa, rawaya a saman ido, baƙin ɗigo a gindin wutsiya. Kifin da ake kira damisela ne.

"Ba cuta ba ce, manomi muka samu," ta ce da ta fito. "Yana cizon murjani ya mutu, gansakuka ta tsiro, ya kafa gonarsa. A ramukan dutse yake kwana. Wa ya matso da igiyoyin nan kusa da duwatsu?"

Nicanor ya sosa ƙeya. "Tuƙin ne ya yi nisa."

"Lalacinka ya kai masa abinci har ƙofar ɗaki."

Suka mayar da igiyoyin kan farin yashi, inda damisela ba ta da maɓoya. Rassan suka warke.

Ke ce mai kallo kafin sara, Eufemia. Yanzu, bayan shekaru, kunnuwanki sun daina jure zurfi, kin rataye buroshi. Mu masuntan Barú mun gode. Duk wanda ya gaje ki, ya nutse ya duba kafin ya ɗaga adda.

Ana tsakiyar rabon shinkafar kwakwa a walimar sallamarta, wani baƙon masunci ya sauko daga kwale-kwale ya dire bokiti a gabanta. Ciki wani kifi ne mai zane ja da fari, jikinsa duk ƙaya.

"Inna, an ce ke kika san kifi. Irinsa sun cika ƙarƙashin igiyoyinku."

Eufemia ta ajiye cokali, ta jawo bokitin tana ƙare wa kifin kallo.