Hachimou, Alƙalin Kokawar Abdulkafi

Hachimou mutumin wani ƙauye ne kusa da Madawa. Fari ne ya koro shi birnin Sabha, can ƙasar Larabawa, kamar yadda ya koro yawancinmu, a shekarun da man fetur ya sa kowane Balarabe ya tashi da niyyar ɗora bene a kan bene. Aikinsa shafen siminti. Gajere ne, marar ƙiba, kuma idan yana magana sai ka matso kafin ka ji. Ban taɓa ganin ya kama wani da kokawa ba, ko da wasa. Amma duk Juma'a bayan la'asar, a filin yashin da ke bayan wurin buga bulo a unguwar Abdulkafi, shi yake tsayawa tsakanin ƙarti da usur a wuya, kuma abin da ya faɗa shi ne ya zauna.

Aikin nan ba ido kaɗai yake so ba. Hachimou ya san waɗanda suka yi cacar baki a wurin gini ranar Talata, don haka ba zai haɗa su ranar Juma'a ba. Kullum yana juya wa rana baya, kada wani ya ce haske ya kashe masa ido. Goron ɗan kokawa bai taɓa shiga bakinsa ba. Idan aka yi kaye kuwa, ba ya fara zuwa wurin wanda ya kayar. Wurin wanda ya sha ƙasa yake durƙusawa, ya karkaɗe masa yashi, ya ce masa a hankali, “Kamun da ka yi na hwarko, ko a Tawa sai an tahwa maka.” Kafin mutum ya gama jin daɗin yabon, an riga an ɗaga hannun abokin karawarsa, fushin ma ya rasa inda zai sauka.

Mu ashirin da biyu muke kwana a gidan Sallaou, har da ni, Illia, mai ba ku labari. Sallaou shi ne maigidanmu. Shi ya karɓi gidan a hannun Balarabe, shi yake nuna waɗanda za su hau motar ɗan kwangila da safe, kuma ta hannunsa iƙama take fitowa, wato takardar zama wadda idan ba ka da ita ko tari ba ka so ka yi a gaban 'yan sanda. A da can, an ce, ya yi kokawa a gida har ya yi suna. Yanzu dai taliya da tumatirin gwangwani sun gama da shi, tumbinsa yana shiga ɗaki kafin shi.

Duk Babbar Sallah Sallaou yakan tuɓe riga, ya ɗaura layunsa, ya shiga fili. A ba shi ɗaya daga cikin 'yan gida, su yi ta nishi da zagaye, sannan ɗan gidan ya nemi wuri mai laushi ya zube. Mu kuma mu ɓarke da ihu kamar an kayar da giwa. Ba wanda ya taɓa cewa a yi haka da baki. Faɗar ma rashin kunya ce. Ka dai duba ka gane, in ba ka gane ba a zungure ka da gwiwar hannu. Hachimou bai taɓa yin ƙarya a ciki ba: mutum ya faɗi, ya gani, ya busa. Shekara shida ana haka, kuma abin takaicin shi ne, cikin mu duka mutum ɗaya ne bai san wasa ake yi ba, shi ne Sallaou.

A Sallar shekara ta bakwai, Chaïbou, wanda layin faɗuwa ya zo kansa, bulo ya faɗo masa a ƙafa ana saura kwana biyu. Kafin mu shirya wani, Sallaou ya riga ya shiga fili yana kirari. Ya dubi taron, ya ce ya gaji da kayar da 'yan gida, ya miƙa yatsa ga wani baƙo da ke cin naman Sallah a gefe. Muƙaddas ne, mutumin Najeriya daga wajen Kazaure, mai dakon buhuna a kasuwa, wanda satinsa uku ke nan a gari. Ni na zaci Mamane, wani ɗan gidanmu, ya zungure shi. Mamane ya zaci ni na yi. Wanda yake kusa da shi ya yi ta ƙyafta masa ido, shi kuma ya ɗauka yashi ne ya shiga idon bawan Allah.

Hachimou ya busa usur. Ban ƙirga zuwa biyar ba. Muƙaddas ya sunkuya, ya ɗauki maigidanmu yadda yake ɗaukar buhun sukari, ya kwantar da shi a ƙasa, rigingine, ƙafafu a sama. Mai ganga ya tsaya da gula a iska.

Sai kowa ya zama masani. Wani ya ce santsi ne, a kan yashin da rabonsa da ruwa tun kafin a haife mu. Wani ya rantse ya ga iska ta hure layar maigida. Mamane, wanda ya fi mu basira, ya ɗaga murya: “Ba a busa ba! Arbitir bai busa ba tukuna!” Nan take mutum ɗari biyu suka kurmance tare, kowa ya tuna bai ji usur ba. Ni ma na tuna.

Muƙaddas ya waiga ya ga fuskokinmu, sai jikinsa ya ba shi. Dama yana neman a sa shi a motar ɗan kwangila. Ya riƙo hannun Hachimou yana cewa, “Rafali, don Allah, ai ni na faɗi. Wallahi gwiwata ta taɓa ƙasa tun ɗazu, ba ka lura ba ne.” Tunda nake ban taɓa ganin wanda ya yi nasara yana roƙon a ƙwace masa ita ba sai ranar.

Hachimou ya yi abin da ya saba. Ya durƙusa wurin Sallaou, ya shiga karkaɗe masa yashi. Ina kusa, na ji abin da ya ce.

“Maigida, tashi ka ɗaga hannunai da kanka. Ka ce ka ba yara hili. Girmanka ƙaruwa za shi yi.”

Sallaou bai dube shi ba. Ya ce, “Ka ce ba ka busa ba.”

“Na busa.”

“Takardakka wata mai kamawa taka ƙarewa, Hachimou. Ka ce ba ka busa ba.”

Hachimou yana da mata, Kaltoumi, da 'ya'ya huɗu a gida, kuma hatsin da suke ci daga shafen simintin nan yake fitowa. Duk mun sani. Ya daɗe a durƙushe, har na fara jin sanyi a raina cewa zai yi hankali kamar sauranmu. Ya gama share yashin tsaf, har na bayan kunne. Sannan ya miƙe, ya kama hannun Muƙaddas, wanda yake ta ƙoƙarin ɓoye shi a bayansa, ya ɗaga shi sama.

Ba wanda ya yi ihu. Muka watse kamar an dawo daga jana'iza, kowa yana yaba gaskiyar Hachimou a cikin cikinsa, inda ba mai ji.

Kafin magariba Sallaou ya kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce ɗakin ya yi mana kaɗan, in taimaka wa Hachimou da kayansa zuwa bakin titi. Na so in ce wani abu. Tawa iƙamar ma a hannunsa take, sai na ce to. Har yau idan na tuna wannan “to” ɗin kunya takan kama ni.

Na ɗauko tabarma da jaka, shi yana riƙe da cokalin shafe da buta. Ya ce zai gwada lambunan garin Samnu, ya ji ana neman masu ban ruwa, kuma a can ba a cika tambayar takarda ba. Muka tsaya jiran mota. Can sai ya juyo.

“Illia, tsakaninka da Allah, kai ka ji usur ɗin?”

Na waiga hagu, na waiga dama, na duba ƙofar gida. Sannan na ce, ƙasa-ƙasa, “Na ji.”

Ya sauke numfashi. “To, madalla. Da na ga ku duka kun ce ba ku ji ba, sai na hwara tsoron ko ni na zalunci mutumen.”

Motar ta tsaya. Ya karɓi tabarmarsa a hannuna, ya yi mini godiyar ɗaukar kaya.