Tseren da Bai Kai Tsawon Gaisuwa Ba

A shagon wani Basine mai sayar da kayan gyaran mota a unguwar Liwan, can ƙasarsu, na fara ganin irin wannan tseren motoci. Lawban muke ce wa mai shagon, wato maigida. Kullum talabijin ɗinsa na nuna wata tsohuwar gasar Turawa: motoci biyu dogaye kamar kwalekwale, hanya miƙe sambal. Fitila ta koma kore, ƙara ta tashi har shayin hannunka ya yi rawa, sai ka ga sun saki lema ta baya don rage gudu. An gama. Ni da kaina na taɓa yin atishawa na rasa karo biyu.

Ran nan na je da wani Alhaji ɗan Maraɗi, dattijon da ko akuya ya gamu da ita sai ya tambaye ta gajiya. Da la'asar jirginsa zai tashi daga filin jirgin Baiyun, ga shi na cika shi da labari, har ya ce ba zai koma Nijar ba sai ya ga tsere ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

To shagon mashigar mutanenmu ce. Motoci na jeruwa sai a yi sallama. Alhaji ya juya ya ba da hannu biyu: ina gajiya, ina iyali, ya kasuwa, ya baƙunta. Kafin ya waiwayo, wanda ya ci ya cire hular kwano yana ɗaga wa jama'a hannu.

"Wa ya ci?" in ji shi.

"Jar motar, Alhaji."

"Yaushe suka tashi?"

"Kana kan iyali."

Haka muka yi ta yi har direban da zai kai shi filin jirgi ya iso yana ta danna hon. Saura karon ƙarshe. Motoci sun jeru ke nan sai ga limamin da ke ja mana salla, wani tsoho Bakano, ya yi sallama. Alhaji ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙa hannu ɗaya ta baya, ido na kan talabijin, ya ce, "Lafiya lau, lafiya lau," tun ba a tambaye shi ba. Liman ya dubi hannun, ya dube ni, ya juya ya fita.

Tsere kam Alhaji ya gani. Sai ya ce, "Shi ke nan? Ko kwana ba su sha ba?"

Lawban ba ya jin Hausa, amma ya ga fuskar Alhaji ta ɓaci. Sai ya ɗauki rimot ya mayar da tseren baya don ya sake gani. Ashe faifai ne. Tun safe ana iya tsayar da shi, babu dai wanda ya tambaya.

Alhaji bai ko kalla ba. Ya tattare babbar riga ya bi Liman da gudun da na tabbata jar motar ba ta kai shi ba. A bakin titi ya cim masa, ya durƙusa, ya faro gaisuwar daga ina kwana, ga azahar ta wuce. Ni da direba muka loda kaya muka zauna jira. Sai da ya kai kan jikoki Liman ya yi murmushi.